Leda Mai Ruɓewa da Rabonmu a Cikinta: Jawabi a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

An umarce ni in yi magana kan leda, domin dokarta ta riga ta tare mu a kan iyaka. Nijar ta kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa a 2014. A shekarar ce Kamaru ta fara aiwatar da tata a kan ledar da kaurinta bai wuce maikiron 60 ba. Benin ta biyo baya a 2017. Wata rana a sassauta, wata rana a tsananta, amma duk ranar da aka tsananta, kayan ɗan kasuwa ake kamawa.

Cikin abin da masana ke gwadawa akwai ledar furotin, wadda ake yi daga waken soya, masara, madara, ko jelatin da ake tatsowa daga fata da ƙashi. Tana ruɓewa a ƙasa kamar ganye. Matsalarta biyu ce: in ta bushe tana karyewa, in ta ji laima tana jiƙewa.

Maganin kuwa yana cikin buhunanmu. Sinadarin tanin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fata da shi, yana ɗaure furotin ya ƙara masa ƙarfi, ya rage masa shan ruwa. Gilisarin da ake samu daga man tsirrai yana sa ta laushi. Man kanumfari yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a kan abinci. Jan zoɓo yana sauya launi idan kifi ko nama ya fara lalacewa, sai ledar ta tona asiri. Ƙaro ma ana haɗa shi da jelatin, ga shi Sudan, Chadi da Najeriya ne kan gaba wajen fitar da shi.

Sai dai mu yi hattara. Wannan leda ta fi ta mu tsada, ba ta riƙe ruwa, kuma yawancinta na hannun masu bincike tukuna. Wata ledar ana buga mata tambarin ruɓewa, alhali dagargajewa kawai take yi ta zama ɓurɓushin roba. Jelatin kuma akwai na alade, don haka a nemi shaidar halal kafin a naɗe kilishi da ita.

Shawarata biyu ce. Kada wani ya yi odar ledar da aka ce tana ruɓewa sai ya ga takardar da kwastan na ƙasar da zai shiga suka yarda da ita. Sannan masu ƙaro, zoɓo da bagaruwa mu riƙa tsincewa, mu busar a kan tabarma, mu ware kowane daraja daban, domin masana'anta ba ta sayen kaya mai yashi.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kiyaye hanya.