Tallafin Sola da Gas na Kashin Shanu: Wa Zai Karɓi Mataccen Batir?



Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, mai shago a Gummi da mai injin niƙa a Bukkuyum suka fara lissafin sola. Gwamnati ma ta buɗe ƙofa. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 ga shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Wuta a Karkara, REA, ke gudanarwa, domin ƙananan tashoshin sola da na gidaje. A 2024 kuma aka cire harajin VAT daga gas na girki. Duka wannan alheri ne. Sai dai tallafin da ya tsaya a ranar yanke kirtani bai gama aikinsa ba.

Farantin sola yakan haura shekara ashirin yana aiki. Batirin da yawancin mutanenmu ke iya saye kuwa na dalma ne, kuma a zafin ƙasarmu 'yan shekaru kaɗan yake yi. Idan ya mutu, hannun 'yan gwangwan yake faɗawa, a fasa shi, a zubar da ruwansa a ƙasa, a narka dalmar kusa da gidaje. Mu ba sai an ba mu labarin dalma ba. A 2010, dakan duwatsun zinariya a tsakar gida ya watsa gubarta a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi.

Saboda haka shawarata ta farko: duk kamfanin da zai ci tallafin sola a yankin nan, a rubuta masa a yarjejeniya cewa shi zai karɓi mataccen batirinsa. A Jamus, mai sayen batirin mota yakan ajiye yuro 7.50 idan bai kawo tsoho ba, ya karɓi kuɗinsa ranar da ya kawo. Majalisar jiha za ta iya yin doka makamanciyar wannan, a kafa wurin tarawa a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, a biya 'yan gwangwan farashi mai kyau idan sun kawo batir ba a fasa ba.

Ta biyu, gas na kashin dabbobi. Aikinsa ba wuya: a dama kashin shanu da ruwa, a zuba a rufaffen rami, ƙwayoyin halitta su ruɓar da shi, iskar da ke kamawa da wuta ta taso, ragowar kuma ta zama taki. Indiya ta mai da shi shirin ƙasa tun farkon shekarun 1980, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ma ta daɗe da sanin aikin. Amma ramin yana son kashi da ruwa kullum, ga shi satar shanu ta raba gidaje da yawa da garkensu. Don haka kada a soma da gida-gida. A soma da inda kashi ke taruwa da kansa: kara, mahauta, da makarantun kwana masu ƙona itace kowace rana. A biya rabin tallafin ranar gini, rabi kuma bayan shekara, idan an je an tarar murhu yana ci.

Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Gummi, Bukkuyum da Anka da 'yan majalisarmu su sa waɗannan sharuɗɗa biyu a gaba kafin su sa hannu a kowace kwangila.