Fatar jakinmu a tukunyar Sinawa

Yau maganar jaki za mu yi. Na san wani zai ce, mutanen Sabon Birni da Isa na fama da 'yan bindiga, kai kana zancen jaki? To ku ɗan saurara.

A ƙasar Sin akwai wani abu da ake kira ejiao. Fatar jaki ce ake dafawa har ta narke ta yi kauri kamar ƙaro, a busar, a yanka, a sayar da sunan maganin ƙarin jini da gyaran fata. Cibiyar sana'ar tana gundumar Dong'e a lardin Shandong. Da can sai masu hali ke shan sa, amma da kuɗi suka yawaita a hannun talakawansu, kowa ya ce shi ma yana so. Jakunan Sin, da suka kai kimanin miliyan 11 a farkon shekarun 1990, suka ragu ƙwarai. Sai 'yan kasuwarsu suka juyo Afirka.

Kada ku ɗauka duk Sinawa sun yarda da abin fa. A watan Fabrairun 2018, wani shafin hukumar lafiyar ƙasar a dandalin Weibo ya rubuta cewa ejiao ba komai ba ne illa dafaffiyar fatar jaki. Aka yi ca a kansu, bayan 'yan kwanaki suka ba da haƙuri. Ka ga ƙarfin kuɗi ke nan. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Ingila ta ƙiyasta cewa ana yanka jakuna aƙalla miliyan 5.9 duk shekara saboda wannan kasuwa.

Yanzu mu dawo gida. Jaka tana ɗaukar ciki wajen wata 12, ta haifi ɗa guda. Ba kaza ba ce. In ana kwashe su mota-mota zuwa mayanka a kudu, babu yadda haihuwa za ta cike gurbin.

Kuma wa ke asara? A ƙauyukanmu, wanda ɓarayin daji suka kore wa shanu, jaki ne ya rage masa. Da shi ake kai taki gona a mangala, da shi ake ɗebo ruwa da itace, da shi ake kai gero kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin ɗan acaɓa ya fi ƙarfin mutane da yawa. In an tashi gari cikin dare, tsohuwa da ƙananan yara a bayansa ake ɗora su. Duk gidan da jaki ya fita bai dawo ba, jarkar ruwan nan kan yarinya take komawa, makaranta kuma shi ke nan. Wallahi wannan ne ya fi ci mani rai.

Maƙwabtanmu na Nijar sun farga da wuri, tun 2016 suka hana fitar da jakuna. A Fabrairun 2024, shugabannin Tarayyar Afirka a taronsu na Addis Ababa suka amince a daina yanka jakuna don fata a duk nahiyar. Abu ya yi kyau a takarda. Amma mu da ke zaune gab da Maradi mun san iyakar nan: gonar wani rabi tana Najeriya, rabi tana Nijar. Wa zai tare jaki a hanyar gona?

Ina ganin masu zagin Sinawa a Facebook, kuma ban ce babu laifinsu ba. Sai dai Basine ba ya shiga kara ya yi ciniki da Gobiranci. Dillalin namu ne, mai motar namu ne, wanda ya karɓi na goro a shinge ya ɗaga sanda shi ma namu ne. Mai sayarwar kuwa ban ga laifinsa ba, wataƙila kuɗin fansar ɗansa yake haɗawa.

Don haka roƙona ga sarakunan kasuwa da shugabannin dillalai na Sabon Birni da Isa: a riƙa rubuta sunan mai sayarwa da mai saye, ko don maganin sata, kuma a hana lodin jaka mai ciki. Matasa, in kun je kasuwa wannan makon, ku tambayi kuɗin jaki, ku tambayi dattawa nawa yake shekara goma baya, ku turo mana da sunan garinku. Da alƙalumanku za mu je gaban shugabannin ƙananan hukumomin biyu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.