Yadda 'Yan Wasan Ƙwallon Kwando Na Amurka Ke Tafiyar Da Ƙungiyarsu Ta Ƙwadago



An umarce ni in yi bayani a kan ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasan ƙwallon kwando na babbar gasar Amurka, wadda aka fi sani da NBA. Ita ƙungiyar ana taƙaita sunanta da NBPA. Na san wani zai ce, mutumin da ake biya miliyoyin dala don ya jefa ƙwallo a raga, me ya haɗa shi da ƙwadago? Amsar ita ce, duk yawan kuɗinsa ɗan kwantiragi ne, yana da ubangida, kuma yawancinsu ba su wuce shekara huɗu zuwa biyar a gasar. Ina roƙon ku riƙe maganar gajartar shekarun nan, don ita ce tushen yawancin abin da zan faɗa.

Wanda ya kafa ƙungiyar shi ne Bob Cousy, ɗan wasan kulob ɗin Boston Celtics, a shekarar 1954. A lokacin babu fansho, babu mafi ƙarancin albashi, kuma mai kulob yana iya riƙe ɗan wasa har ya daina bugawa, ko ya sayar da shi inda ya ga dama. Cousy ya rubuta wa fitaccen ɗan wasa ɗaya a kowane kulob takarda yana neman goyon baya. Hukumar gasar ba ta yarda ta zauna da su a matsayin ƙungiya ba sai a 1957. A 1958 Cousy ya sauka, kuma cikin abubuwan da suka gajiyar da shi har da ƙin biyan kuɗin ƙungiya, dala 10 kacal a shekara. Na ga ma'ajinmu yana gyaɗa kai.

Tom Heinsohn ne ya gaje shi, kuma a zamaninsa aka ɗauki lauya, Larry Fleisher, a 1962. Ranar da aka gane cewa ƙungiyar tana da haƙora ita ce 14 ga Janairu, 1964. Ran nan za a yi wasan gwanaye na shekara a Boston, kuma gidan talabijin na ABC zai nuna shi kai tsaye, abin da masu kulob-kulob suka daɗe suna nema. 'Yan wasa suka shige ɗakin sauya tufafi suka ce ba mai fitowa sai an amince musu da fansho. Mai kulob ɗin Lakers, Bob Short, ya aika wa Elgin Baylor da Jerry West da barazanar kora. Ba su fito ba. Da lokacin wasa ya gabato, shugaban gasar, Walter Kennedy, ya ba da kai ya yi musu alkawari, aka fara wasa a makare. Ku lura da waɗanda suka yi wannan tsayin daka. Su ne gwanaye, waɗanda suka fi kowa albashi, kuma fanshon ya fi amfanar 'yan benci fiye da su.

Oscar Robertson ya karɓi shugabanci a 1965. A 1970 ƙungiyar ta shigar da ƙara kotu da sunansa, aka yi shekara shida ana shari'a, har aka sasanta a 1976. Daga nan ƙofa ta buɗe wa ɗan wasa ya nemi kulob ɗin da ya fi masa idan kwantiraginsa ya ƙare. A 1983 kuma aka ƙulla yarjejeniyar da ta ba 'yan wasa kashi 53 cikin 100 na kuɗin shiga, su kuma suka yarda a sa iyaka ga jimillar albashin da kowane kulob zai biya. Iyakar farko dala miliyan 3.6 ce ga kulob ɗungurungum.

To, yaya aka tsara mulkin ƙungiyar?

Gasar tana da kulob 30, 29 a Amurka, ɗaya a Kanada. Kowane kulob yana da 'yan wasa kamar 15, wato 'yan ƙungiyar duka ba su fi ɗari huɗu da hamsin zuwa ɗari biyar da ɗoriya ba. Ƙaramar ƙungiya ce ƙwarai in an gwada ta da ta malamai ko ta direbobi. 'Yan wasan kowane kulob suna zaɓen wakili ɗaya daga cikinsu da mai tsaya masa in ba ya nan. Waɗannan wakilai 30 su ne majalisar ƙungiya. Su ke zaɓen kwamitin zartarwa na mutum tara: shugaba, mataimaki na ɗaya, sakatare wanda shi ne kuma ma'aji, da sauran mataimaka shida, duk daga cikin 'yan wasa. Sai kuma babban darakta, wanda shi ma'aikaci ne da ake ɗauka a biya shi albashi. Shi ke zama a ofishin ƙungiyar a birnin New York tare da lauyoyi da akantoci, shi ke jan tawagar ciniki da masu kulob-kulob. Idan an gama ciniki, ba a sa hannu sai an kai yarjejeniyar gaban 'yan wasa duka sun kaɗa ƙuri'a. Kowa ƙuri'arsa ɗaya. A kakar 2024 zuwa 2025 albashin Stephen Curry ya haura dala miliyan 55, na sabon shiga mafi ƙanƙanta kuwa dala miliyan ɗaya da ɗan ɗoriya, amma a akwatin zaɓe ba wanda ya fi wani.

Akwai wani iko da ba a cika lura da shi ba. Dillalan da ke yi wa 'yan wasa cinikin kwantiragi ba su da damar zama da kowane kulob sai da lasisin ƙungiyar, kuma ta hana su karɓar la'adar da ta wuce kashi 4 cikin 100. Dokar Amurka ta 1959 kuma ta wajabta wa kowace ƙungiyar ƙwadago ta miƙa wa Ma'aikatar Ƙwadago rahoton kuɗinta duk shekara, har da albashin shugabanninta, kuma kowa yana iya dubawa.

A rubuce, tsarin ba shi da makusa. Iko yana hannun 'yan wasa, darakta kuwa yaronsu ne. Amma ɗan wasa yana buga wasa 82 a kaka guda, yau yana wannan gari gobe yana wancan. Wakilin da aka zaɓa a Oktoba ana iya sayar da shi ga wani kulob a Fabrairu. Shekara biyar in ta zagayo, yawancin fuskokin majalisar sun canza. Darakta kuwa yana nan a kujerarsa, shi ya san takardu, shi ya san inda aka kwana a kowace magana. A hankali sai yaron gida ya fi masu gida sanin gida.

Abin da ya faru a zamanin Billy Hunter ke nan. Lauya ne, tsohon mai gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya, aka ɗauke shi darakta a 1996. A hannunsa aka yi manyan rigingimu biyu. Su ba yajin aiki ba ne, masu kulob-kulob ne suka garƙame ƙofa suka tsayar da albashi. Na farko ya fara ran 1 ga Yuli, 1998, bayan Kevin Garnett ya samu kwantiragin dala miliyan 126 wanda ya tayar wa masu kulob-kulob da hankali. Sai a Janairun 1999 aka daidaita, aka buga wasa 50 maimakon 82. A nan aka fara sa iyaka ga albashin mutum ɗaya, aka kuma ɗaga na ƙanana. 'Yan wasa 179 suka amince, 5 suka ƙi. Ƙuri'ar masu ƙaramin albashi ce ta rinjayi gwanaye, don su ne ba su da ajiyar da za ta kai su wata shida babu biya. Na biyu a 2011, kwana 161, aka buga wasa 66, rabon 'yan wasa ya sauko daga kashi 57 zuwa tsakanin 49 da 51.

Bayan wannan faɗuwa ne shugaban ƙungiyar, Derek Fisher, ya nemi a binciki yadda ake tafiyar da ofis. Abin mamaki, a Afrilun 2012 sauran 'yan kwamitin zartarwa su takwas suka kaɗa ƙuri'a, ba ko ɗaya da ya saɓa, cewa Fisher ne ya kamata ya yi murabus. Zaɓaɓɓun wakilai suka bi bayan ma'aikaci suka juya wa shugabansu baya. Fisher ya ƙi sauka. Aka ɗauki wani kamfanin lauyoyi mai suna Paul, Weiss ya yi binciken, ya fitar da rahoto a Janairun 2013. Rahoton bai same shi da laifin satar kuɗin ƙungiya ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Amma ya nuna cewa ya fifita bukatunsa a kan na ƙungiya. 'Yarsa da surukarsa suna aiki a ofishin, ɗansa yana aiki da kamfanin da ke ba ƙungiyar shawara a kan kuɗi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kwantiraginsa na 2010, na kimanin dala miliyan 3 a shekara, wanda ba a kai shi gaban majalisar wakilai ta amince ba kamar yadda tsarin mulkin ƙungiyar ya tanada. Shekara biyu da ɗoriya ana biya, majalisar ba ta tashi ta tambaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ran 16 ga Fabrairu, 2013, a birnin Houston, wakilai suka sallame shi da ƙuri'a 24, babu mai adawa. Hunter ya musanta aikata ba daidai ba, ya kuma kai ƙungiyar kotu. Amma ko a wannan rana mai muhimmanci, ƙuri'a 24 aka ƙirga daga kulob 30.

Daga nan manyan gwanaye suka dawo cikin harkar da suka daɗe da bar wa wasu. Chris Paul ya zama shugaba a Agustan 2013, LeBron James ya zama mataimaki na ɗaya a 2015. A Yulin 2014 aka zaɓi Michele Roberts, lauya daga Washington, da ƙuri'a 32 cikin 36, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a manyan wasannin maza na Amurka ta Arewa. A 2016 wakilai suka amince baki ɗaya ƙungiyar ta riƙa biyan inshorar lafiya ga tsofaffin 'yan wasan da suka yi aƙalla shekara uku a gasar. Ni a wurina wannan ya fi kowane aiki nasu daraja, domin mutanen da aka taimaka ba su da ƙuri'a, ba kuma za su iya saka wa kowa ba.

Sai dai mulkin gwanaye ma da nasa. A yarjejeniyar 2017 an sassauta wata ƙa'ida da ke takura dogon kwantiragi ga wanda zai haura shekara 36, aka mayar da ita 38. Mutanen da wannan ya shafa ba su da yawa, kuma shugaban ƙungiyar da mataimakinsa suna cikinsu. Haka nan da kuɗin talabijin suka ƙaru, hukumar gasar ta nemi a ɗaga iyakar albashi sannu a hankali, ƙungiyar ta ƙi. Sai iyakar ta yi tsalle ɗaya a 2016 daga dala miliyan 70 zuwa 94. Waɗanda kwantiraginsu ya ƙare a wannan shekara suka kwashi garaɓasa, waɗanda nasu ya ƙare bayan nan suka tarar kulob-kulob sun riga sun ƙarar da kuɗinsu. Ƙungiya ɗaya ce, amma bukatar mai shekara 21 daban, ta mai shekara 35 daban, kuma yaron da ke makaranta yana jiran shigowa ba shi da wakili a teburin da ake yanke masa albashi.

Wani abu da zai ba ku mamaki shi ne, babban makamin wannan ƙungiya shi ne ta rushe kanta. Dokar Amurka ba ta barin ma'aikata su kai iyayen gidansu ƙara a kan haɗa baki don danne farashi muddin suna da ƙungiyar da ke ciniki a madadinsu. In babu ƙungiya, hanyar kotu ta buɗe, kuma diyyar da ake ci ninki uku ce. A 1995 Michael Jordan da Patrick Ewing suka ja gaba a neman rushewa, saboda suna ganin shugabanni sun yi ciniki a ɓoye sun kuma yi araha. Aka kaɗa ƙuri'a, 226 suka ce a bar ta, 134 suka ce a rushe, amma kafin nan barazanar ta riga ta sa an gyara yarjejeniyar. A 2011 kuwa an yi abin da gaske. Ran 14 ga Nuwamba ƙungiyar ta ce ta daina wakiltar 'yan wasa, aka shigar da ƙara, kafin mako biyu aka daidaita, ta sake haɗuwa a Disamba.

Mata ma suna da tasu ƙungiyar tun 1998, kuma a 2016 suka zaɓi Nneka Ogwumike, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta shugabance su. Wannan batu ne na wata rana.

Yarjejeniyar maza ta baya-bayan nan ta fara aiki ran 1 ga Yuli, 2023, a zamanin shugabancin CJ McCollum, ba tare da an rasa wasa ko ɗaya ba. Ta shekara bakwai ce, za ta kai 2030, amma kowane ɓangare yana da damar ficewa shekara ɗaya kafin nan. A Yulin 2025 wakilai suka zaɓi Fred VanVleet ya gaji McCollum. Shi wannan, a ranar ɗibar sababbin 'yan wasa ta 2016 babu kulob ɗin da ya kira sunansa, sai daga baya Toronto ta ɗauke shi a kan ƙaramin albashi. Wa'adinsa shekara huɗu ne, don haka in ana raye shi zai zauna a teburin lokacin da za a yanke shawarar ficewa ko zama.

Mai girma shugaban taro, na ga an ɗaga mini agogo.