Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Waƙoƙin Rock a Fayafayan Sinima

Duk wanda ya saba da fina-finan Indiya ya san cewa a can tare ake haihuwar waƙa da fim. Don labarin ake tsara waƙar, kana daga baya a sa ta a faifai a kai kasuwa. A Amurka kuwa akwai wata al'ada wadda ta juya wannan tsari. Waƙar ce take riga fim zuwa duniya, ta yi tashe a rediyo, ta shiga bakin jama'a, sa'an nan mai shirya fim ya zo ya aro ta. In fim ya fito, sai a tattara waƙoƙin aron nan a faifai guda a sayar da sunansa.

Tun zamanin da majigi ya fara magana, kamfanonin Hollywood makaɗa suke ɗauka haya, su tsara wa kowane fim kiɗansa. Abin ya soma sakewa ne a 1955, sa'ad da aka buɗe fim ɗin Blackboard Jungle da waƙar Rock Around the Clock ta Bill Haley. An buga waƙar tun 1954, ba ta yi wani armashi ba. Amma da samari suka ji ta tana tashi cikin duhun ɗakin sinima, sai ta haye kan jerin waƙoƙin da aka fi saye a Amurka, ta yi mako 8 a can. Daga nan 'yan kasuwa suka gane cewa fim yana sayar da waƙa, waƙa kuma tana sayar da fim.

Fim ɗin da ya kafa wannan al'ada sosai shi ne Easy Rider na 1969, labarin waɗansu samari biyu da suka ratsa Amurka a kan babura. Lokacin da ake haɗa hotunan, mai aikin yakan ɗora fayafayan da yake da su don kawai ya ji yadda tafiyar za ta zauna, da niyyar a sa sabon kiɗa daga baya. Da aka duba, sai aka tarar waƙoƙin Steppenwolf da The Byrds da Jimi Hendrix sun riga sun kama hotunan, ba su ɓamɓaruwa. Aka bar su. Kuɗin izininsu ya zarce abin da aka kashe wajen ɗaukar fim ɗin kansa.

To, me tsohuwar waƙa take yi wanda sabon kiɗa ba ya iyawa? Amsar tana cikin American Graffiti, wanda George Lucas ya fitar a 1973. Labarin dare ɗaya ne na 1962 a wani gari na Kalifoniya, samari da 'yan mata suna kai da kawo cikin motoci, rediyo yana tashi. Faifansa ya ƙunshi waƙoƙi 41. Ɗan kallo mai shekara talatin, da ya ji waƙar da ya yi rawa da ita yana ɗan makaranta, ba ya bukatar a gaya masa wace shekara ce. Ya tuna da kansa, ya tuna har da wadda suka yi rawar tare. Watau rabin labarin yana kan allo, rabi kuwa ɗan kallo ne ya zo da shi daga gida. In ya sayi faifan, ƙuruciyarsa ya saya.

Amma fa kayan aro yana da mai shi. Kowace waƙa izini biyu take bukata: ɗaya daga masu haƙƙin rubutunta da karinta, ɗaya daga kamfanin da ya mallaki muryar da aka ɗauka. Izinin sa ta a fim kuma dabam yake da na sa ta a faifai. Shi ya sa waƙar The Weight, wadda ƙungiyar The Band ta rera a cikin Easy Rider, a kan faifan wata ƙungiya ce mai suna Smith ta maimaita ta. Shi ya sa kuma babu muryar Elvis Presley a American Graffiti, ko da yake da wuya a ambaci samartakar wancan zamani ba tare da shi ba. Farashinsa ya fi ƙarfin aljihun fim ɗin.

Wanda ba shi da babban kamfani a bayansa, shi ya fi jin jiki. Charles Burnett, baƙar fatar Amurka, yana ɗalibi ya shirya Killer of Sheep a unguwar Watts ta birnin Los Angeles, da kuɗin da bai kai dala 10,000 ba. Ya ƙawata shi da muryoyin Paul Robeson da Dinah Washington da waɗansu mawaƙan da unguwar ta tashi da su. Masana sun yaba, amma saboda rashin kuɗin izini fim ɗin ya yi kusan shekara 30 ba a kai shi gidajen sinima ba. Sai a 2007 aka biya dala 150,000, jama'a suka sami ganinsa.

Har ila yau al'adar ba ta mutu ba. A 2014 faifan Guardians of the Galaxy, wanda yawancin waƙoƙinsa na shekarun 1970 ne, ya zo na ɗaya a Amurka, kuma shi ne faifan fim na farko da ya yi haka alhali babu sabuwar waƙa ko guda a cikinsa. A cikin labarin, kaset ne da mahaifiyar jarumin ta haɗa masa kafin ta rasu, yana yawo da shi duk inda ya nufa. Yaran da ba a haife su ba lokacin da aka rera waƙoƙin suka saya, iyayensu ma suka saya.

Ke nan waƙar da ta shiga zukatan jama'a ta zama tasu wajen tunawa, amma a takarda tana da mai ita. Mai shirya fim da yake so ya taɓa wannan tunani, tilas ya fara biyawa ta ofishin mai takardar.