Jawabi Kan Rayuwar Injiniya Herbert Macaulay Da Asalin Gidansu

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu malamai, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwa maza da mata.

Yawancinmu mun san fuskar da ke jikin tsohuwar takardar naira ɗaya, amma kaɗan ne suka san tarihin mai ita. Shi ne Injiniya Herbert Macaulay, wanda aka haifa nan Legas ran 14 ga Nuwamba, 1864.

Kakansa na wajen uwa, Samuel Ajayi Crowther, yana yaro masu farautar bayi suka kama shi a Osogun a 1821. Sojojin ruwan Ingila suka ƙwato shi a teku, suka sauke shi a Saliyo, inda ya yi karatu har ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin Angilika. Mahaifin Herbert kuwa, Thomas Babington Macaulay, a Saliyo aka haife shi, ɗan Yarabawan da aka 'yanto. Irinsu ne mutanen Legas ke kira Saro. Shi ya kafa makarantar CMS Grammar School a 1859. Wato gidan nan zuwa suka yi, kamar yadda iyayenmu suka zo.

Herbert ya fara aikin akawu a ma'aikatar ayyuka a 1881. A 1890 aka tura shi Plymouth ta Ingila koyon aikin injiniya, ya dawo a 1893 ya zama safiyon filayen gwamnati. A 1898 ya ajiye aikin, ya koma cin gashin kansa.

Ilmin awon ƙasan nan ya yi rana lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe filayen Apapa ba tare da cikakkiyar diyya ba. Macaulay ya raka Cif Amodu Tijani Oluwa har Landan, kuma a 1921 kotun ƙoli ta daular Ingila ta yanke hukunci cewa sai an biya masu ƙasa diyya. A 1923 ya kafa NNDP, jam'iyyar siyasa ta farko a Nijeriya. A 1946, yana shugaban NCNC, ciwo ya kama shi a Kano wajen rangadi, aka mai da shi Legas ya rasu ran 7 ga Mayu.

Jama'a, mutumin nan da takarda da ma'auni da kotu ya yi faɗansa. Mu fa, rumfuna da gidaje nawa muka saya a garin nan da shaidar baki kawai? Ranar da aka zo rusau, me za mu nuna? Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin mallakar fili ko'ina a Nijeriya, amma sai mai takarda ke iya kare nasa. Don haka mu kira safiyo ya auna filayenmu, mu yi musu rajista, mu kuma sa 'ya'yanmu su karanci injiniya da awon ƙasa da lauya.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.