Rabon ruwa a fadamar Ƙonni: a auna kafin a shuka



Tun farin 1984, lokacin da gomnatin Janar Seyni Kunce ta kira talakawa su duƙufa ga noman rani, kowa ya yarda cewa damana kaɗai ba ta ciyar da Nijar. Abin da ya rage a daidaita a kansa shi ne yadda za a raba ruwa a shekarar da bai wadata ba. Fadamar Birnin Ƙonni, cikin jihar Tawa, ta isa misali.

Wannan fadama, mai faɗin kusan hekta 2,500, ba ta bakin kogi kamar gonakin shinkafa na Tilaberi. Ruwanta na damana ne: gulbin Magiya ke kwaso shi, baraj biyu na Mozage da Zango su tare shi, sannan babban kanal ya kai shi matarar Cerasa kafin ya shiga gonaki. Abin da aka tara zuwa watan Oktoba shi ne jarin rani gaba ɗaya. Rana da iska suna shan rabonsu, laka kuma tana cike cikin baraj kowace shekara. Shi ya sa wani sashe kawai na fadamar ake iya nomawa da rani.

An kafa ma'aikatar ONAHA a 1978, taron Damagaram na 1982 kuma ya danƙa tafiyar da fadamu ga ƙungiyoyin manoma. A 2016 gyaran fadamar Ƙonni ya shiga yarjejeniyar da aka ƙulla da hukumar MCC ta Amurka. Amma sabon siminti yana hana yoyo ne kawai, ba ya ƙara ruwan sama. Sauran aikin na mutane ne, kuma kashi uku ne.

Na farko, da zarar damana ta ɗauke a auna ruwan baraj, a faɗi adadin a bainar jama'a da ta rediyo, a yanke hektar da zai iya kaiwa girbi. Manomin da ya ci bashin iri da taki, ruwa ya yanke masa albasa tana tsakiyar ɗaura kai, ya fi wanda bai shuka ba hasara. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Na biyu, a raba rashin daidai. Mai gona a bakin kanal yana sha har ya ɓarnatar, na ƙarshe yana jiran ragowa. A rubuta ranakun ban ruwa, a fara da na ƙarshe, sashen da aka hutar bana ya zama na farko baɗi. Mai fasa ƙofar ruwa da dare ya biya tara, ko attajiri ne.

Na uku, kuɗin ruwa da manoma ke biya su koma ga yasar kanal, a karanta lissafinsu gaban taro. A kuma tare zaizayar ƙasa a tuddan Magiya da jeren duwatsu da dashen itatuwa, domin daga can laka ke gangarowa.

Jama'a, ƙarancin ruwa daga Allah ne, amma rabonsa yana hannun shugabanni, kuma a kansa za a tambaye su. Allah ya ba da damana mai albarka.