Daga Maijirgi zuwa filin jirgin Yamai: wa ke biyan kuɗin harsashi?



Duk wanda ya bar Tasawa ya nufi Damagaram, ba zai yi nisa ba zai iske garin Maijirgi, inda kaburburan wasu Nasara biyu suke, Kaftin Voulet da Kaftin Chanoine. Su ne suka jagoranci rundunar Faransa da ta ƙone garuruwa tun daga bakin kogin Kwara, ta yaƙi Sarauniya a Lugu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Da labarin ta'asarsu ya kai Paris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragama, sai Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli 1899. Kwana biyu zuwa uku bayan haka, sojojinsu da kansu suka juya musu baki, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet.

To, mutanen wancan zamani da suka ji labari, ba mamaki sun yi zaton masifa ta kau. Amma rundunar ba ta watse ba. Wasu hafsoshi suka ɗauke ta, kafin watan ya ƙare ta shiga Damagaram, daga baya Joalland da Meynier suka kai ta tafkin Cadi. Dalili kuwa, tun ranar 14 ga Yuni 1898 Faransa da Ingila sun riga sun zauna sun raba ƙasar Hausa a takarda, kuma mutuwar kaftin biyu ba ta goge layi ko ɗaya ba. Wannan layin, bayan gyare-gyaren 1904 da 1906, shi ne iyakar da kuke tsayawa a kanta yau gaban ƴan duwan idan za ku Katsina ko Daura.

Kusan shekara ɗari bayan haka, ranar Juma'a 9 ga Afrilu 1999, aka sake ganin soja ya harbe shugabansa, wannan karon a filin jirgin sama na Yamai. Janar Ibrahim Bare Mainasara yana shirin shiga jirgi mai saukar ungulu, dogarawan fadarsa suka buɗe masa wuta. Firaminista Ibrahim Hasan Mayaki ya fito ya shaida wa ƙasa cewa hatsari ne ya auku. Ba a samu mai gaskata wannan magana ba, ciki da waje. Kwana biyu bayan nan aka naɗa shugaban dogarawan, Kwamanda Dauda Malam Wanke, a kan majalisar soja ta CRN, da alkawarin mayar da mulki hannun farar hula cikin wata tara.

Domin a fahimci yadda ƙasashen waje suka karɓi labarin, sai an duba irin abokan da marigayin ya tara. Bare ya san harkar waje, don ya yi jakadanci a Aljeriya kafin ya zama babban hafsan sojoji. Da ya kifar da Mahamman Usman ranar 27 ga Janairu 1996, kuma ya rushe hukumar zaɓe ana tsakar ƙidayar ƙuri'u a watan Yuli ya ce shi ya ci, Amurka ta tsayar da taimakonta. Faransa ta ɗan yi fushi, ba a jima ba ta huce, domin ƙarfen yuraniyom na Arlit bai san juyin mulki ba. Shi kuwa Bare sai ya shiga neman wasu ƙofofi. A watan Agusta 1996 ya maido da hulɗa da Sin, wadda gwamnatin riƙon ƙwarya ta yanke a 1992 lokacin da ta rungumi Taiwan don baitulmali ya bushe. A watan Fabrairu 1998 Nijar tana cikin ƙasashe shida da suka kafa ƙungiyar CEN-SAD a Tarabulus, a inuwar Kanar Gaddafi. A kudu kuma yana da babban jigo, Janar Sani Abacha.

Jigon nan ya faɗi ranar 8 ga Yuni 1998. Wanda ya gaje shi, Janar Abdussalami Abubakar, hankalinsa yana kan miƙa mulki, har ya miƙa wa Obasanjo ranar 29 ga Mayu 1999. Ke nan harsashin Yamai ya tashi a daidai lokacin da babbar maƙwabciya take tuɓe kaki. Ga shi kuma shekarar ta zo da juyin mulki a jere: tsibiran Komoro a ƙarshen Afrilu, Gine Bisau a watan Mayu, Kodebuwa a jajibirin Kirsimeti. A taron ƙungiyar OUA na birnin Aljas, a watan Yuli 1999, shugabanni suka yanke cewa wanda ya hau mulki da bindiga ya gyara kafin taro na gaba, aka kuma ƙarfafa wannan ƙa'ida a Lome a 2000. Abin dariya a ciki, da yawa daga masu sa hannun su ma da bindigar suka hau.

Faransa ta dakatar da taimakonta, Tarayyar Turai ta bi sahu tana neman a yi bincike. A nan ne maganar ta sauko daga fadar shugaban ƙasa ta shigo cikin gidajenku. Ƙasar da rabin darajar kuɗinta ya tafi tun faɗuwar sefa ta Janairu 1994, wadda kasafinta ya dogara ga tallafin waje, idan aka rufe mata famfo, ba minista ke fara jin ƙishirwa ba. Malamin makaranta a Mayahi da malamin asibiti a Tasawa, waɗanda dama suna bin gwamnati bashin albashin watanni, su aka ƙara wa wata a kan wata. Ma'aikacin da bai ga albashi ba kuwa, littafin bashin mai kanti yake komawa. Mai kanti ya kasa biyan dillalinsa na Maraɗi, na Maraɗi ya kasa cika alkawarin Kano. Dattawan da ke wurin nan ba sa bukatar a tuna musu, wasunsu har yanzu littafin yana nan cikin akwati.

A yi wa Wanke adalci, ya cika alkawarin wata tara. Ministar harkokin wajensa, A'ishatu Mindaudu, ta sha yawon rarrashi. An yi zaɓen raba gardama a kan sabon tsarin mulki ranar 18 ga Yuli, Tanja Mamadu ya kayar da Mahamadu Isufu a zagaye na biyu cikin Nuwamba, aka rantsar da shi ranar 22 ga Disamba 1999. Famfo ya sake buɗewa, har a Disamba 2000 Nijar ta shiga shirin yafe bashin ƙasashe matalauta. Sai dai a cikin wannan tsarin mulki an dasa wata aya da ta yi afuwa ga masu juyin mulkin 1996 da na 1999 gaba ɗaya. Masu ba da taimako, da suka ce sai an yi bincike, da suka ga akwatin zaɓe sai suka manta da gawa. Wanke ya rasu a 2004 ba wanda ya tambaye shi a gaban alƙali.

Wani abu kuma daga waɗannan watanni ya je ya fashe nesa. A watan Fabrairu 1999, wata biyu kafin kisan, jakadan Iraƙi a fadar Paparoma ya ziyarci Yamai. A kan wannan ziyara aka gina tatsuniyar cewa Saddam Husaini ya nemi yuraniyom a Nijar, har Shugaba Bush ya ambaci yuraniyom na Afirka a jawabinsa na Janairu 2003. A watan Maris hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ce takardun jabu ne. Ɗaya daga ciki ma tana ɗauke da sa hannun ministan da ya bar kujera tun 1989. Duk da haka aka afka wa Iraƙi a cikin wannan watan.

Ranar 26 ga Yuli 2023 shugaban dogarawan fada ya sake juya wa maigidansa baya, ko da yake wannan karon tsare Bazum aka yi, ba a zubar da jininsa ba. Hukuncin kuwa ya fi na 1999 zafi nesa. CEDEAO ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, har da layin da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa, nan kusa da ku, wanda ke haskaka Maraɗi da Damagaram. Wake da dabbobi suka rasa hanyar kudu sai ta daji, shinkafa da magani suka yi tsada, har zuwa Fabrairu 2024 da aka ɗage takunkumin. Sojojin Faransa sun fita a Disamba 2023, na Amurka a Satumba 2024, kuma a Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO.

Iyalan Bare, da ƙofar shari'a ta rufe musu a gida, kotun wannan ƙungiyar suka kai kuka a Abuja. A watan Oktoba 2015 kotun ta ce an tauye musu haƙƙi, ta umarci gwamnatin Nijar ta biya su diyyar sefa miliyan 435. Shekara goma sha shida ke nan bayan Juma'ar filin jirgi.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.